Tsohuwar da na katse wa labari a Ranuna

Assalamu alaikum Edita. A ƙarshen shekarun saba'in ni amarya ce 'yar Damagaram, ina zaune a unguwar Ranuna a Madina. Maigidana direban babbar mota ne mai jigilar kaya zuwa Yanbu, sai ya yi makonni ban ga ƙeyarsa ba. Larabcina bai wuce na sayen burodi ba, Hausawan unguwar kuwa haifaffun nan ne, in na yi musu Hausa su amsa mini da Larabci. Wuni nake ni kaɗai a ɗaki.

A asibiti na haɗu da wata tsohuwa fara da ta kasa yi wa likita bayanin ciwonta. Da ɗan Faransancin da na koya a lakwal, wato makarantar boko, na gane abin da take faɗa, na fassara wa likitan da guntun Larabcina da nunin hannu. Ta riƙe hannuna gam har muka fito, ashe bayan layinmu take. Bafaranshiya ce, ta musulunta ta auri wani ɗan kasuwa mutumin Aljeriya, suka tare a Madina, ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Na riƙa kai mata fura, ina ce mata Hajiya, ita kuma ta ce mini 'yata. Ta ce tun rasuwarsa ba ta yi hira da kowa da harshenta ba.

Wata rana muna shan shayi ta gaya mini cewa a ƙuruciyarta 'yar wasan silima ce, zamanin da ba a jin murya, sai fuska da hannu. Tana ɗinki a wani shago a Paris wani mai shirya fim ya ga idanunta ya ɗauke ta. Ta yi suna, har a titi ana nuna ta. Da aka fara fim mai magana, aka ce muryarta ta yi kaushi, aka daina nemanta, ta koma sayar da tikiti a ƙofar gidan silimar da a da ake liƙa hotonta.

Na ji tsoron abin da maƙwabta za su ce. Daga ranar, duk sanda ta ɗauko zancen sai in ce ta yi istigfari, ta ce ta yi tun kafin a haife ni, so take kawai wani ya san ta taɓa rayuwa. Rannan ta miƙe da sandarta, ta roƙe ni in kalle ta sau ɗaya ta yi wasan uwa mai jiran ɗanta a tashar jirgin ƙasa. Har ta ɗaga hannu, fuskarta ta canza, ni kuwa na yafa abayata na ce wannan bai dace da garin Manzo ba. Na fita na bar ta tsaye.

Kunya ta hana ni komawa. Sai maigidana ya tafi da ni Yanbu na wani lokaci. Da na dawo na tarar da kwaɗo a ƙofarta. Mai gidan ya ce ta rasu, an kai ta maƙabartar Baƙi'a, kuma ba wanda ya fahimci abin da take faɗa a ƙarshe.

Yau na tsufa, jikokina ba sa jin Hausa, na san zafin rashin mai saurare. 'Yan'uwa, in tsoho ya buɗe muku cikinsa, ku zauna ku ji. Hukuncin abin da ya wuce na Allah ne, ba a ɗora muku ba. Ku sa Hajiya a addu'a, ku sa ni.