Takalmin Ƙarfe a Kan Siminti

Shekara tara ke nan da rasuwar Iliyasu, abokin sana'ata, kuma har yau in aka ja ƙarfe a kan siminti sai gabana ya faɗi.

Shi ɗan zangon Kumasi ne, ni mutumin Kano. A Satwa, wata unguwa a ƙasar Larabawa, muka haɗu, gidan haya ɗaya. Yana kula da dawaki a wata gona bayan gari, ni ina kawo masu saye. Dawakin ba irin namu ba ne. Daga Amurka ake kawo su, an hore su su sheƙa da gudu sannan su tsaya, ƙafafun baya na zamewa a kan yashi. Saboda haka ake buga musu takalmin ƙarfe mai faɗi da santsi. Ba a jan linzami. Mahayi ya zauna daram a sirdi, ya furta kalma ɗaya, shi ke nan. Iliyasu ya san wannan. Ni na gida kawai na sani, inda doki ke tsayawa ko'ina aka ja bakinsa.

Ranar da abin ya faru na zo da wani Alhaji mai son wani baƙin ingarma. Jirginsa na la'asar ne, filin yashin kuma ana kan gyara shi. Na ce a gwada dokin a farfajiyar da motoci ke lodi.

"Yaya, a jira yashin," in ji Iliyasu, murya ƙasa-ƙasa. "Takalmin nan ba ya son siminti."

Na ce, "Yalla, Iliya, hau! Doki ne ko ƙwai? Kunyata ni za ka yi gaban baƙo?"

Ya dube ni, ya dubi baƙon. Mutum ne mai tarbiyya, ba ya musu da na gaba da shi a cikin mutane. "To, Yaya," ya ce.

Dokin ya yi abin da aka koya masa. Ya kafa ƙafafun baya, suka zarce da shi, ya faɗo kan mahayinsa. Kwana biyu Iliyasu ya yi a asibiti.

Da na buga wa matarsa waya, cewa na yi dokin ne ya firgita. Haka na faɗa wa mai gonar. Aka sayar da dabbar a matsayin mai mugun hali, ban san inda ya ƙare ba.

Yanzu a waya ake cinikin. Mai saye yana Abuja a zaune, a turo masa bidiyon dokin a kan yashi mai kyau. Nakan ce da Iliyasu ya ga haka sai ya yi dariya, ya ce, "Yaya, wa zai ɗaga musu kofato su duba?" Don shi bai taɓa barin mai saye ya tafi bai ɗaga masa ƙafar baya ya nuna masa ba.

Ni dai na bar harkar. Kaya nake lodi a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, inda ƙarar ƙarfen nan ba ta yankewa.

Da sallar bana 'yarsa Rabi ta kira ni gaisuwa. Ta girma. Can ta ce, "Baba, wai babanmu bai iya doki sosai ba ne?"

Rabi, ga amsarki a gaban jama'a, tunda a gaban baƙo na yi laifin. Babanki ya iya. Ya ce a jira, ni na hana. Allah Ya jiƙansa. In kin iya, ki yafe mini.