Takarda Ba Albasa Ba Ce

Aikin nan ya ba ni wuya. Na daɗe ina dakon albasa a kasuwar Bodija, buhu a wuya daga bakin mota zuwa rumfa, amma ban taɓa komawa gida da gajiya irin ta ɗakin tsoffin takardu na jami'a ba. Gajiyar kasuwa ta jiki ce, ka kwanta ta wuce. A can kuwa ba ka ɗauki komai ba, amma ka fito kamar an tatse ka.

Bayana ne ya kai ni. Wata rana na sunkuya zan ɗauki buhu, na kasa miƙewa. Mai ɗakina, wadda ke sayar da alale da kunun gyaɗa daga cikin gida, ita ta riƙe mu, ita kuma ta ce tunda na zauna in shiga makarantar manya da ake yi a nan Sabo, unguwarmu ta Hausawa, bayan la'asar. Na shiga da furfurata. Allo na yi ina yaro, ina harhaɗa ajami, boko kuwa sai da rarrafe. Da zango ya ƙare, malaminmu ya ce jami'a ta yarda a tura mata ɗalibai su koyi aiki na 'yan makonni, wanda ya yi hankali suna iya riƙe shi yana taimakawa. Ni aka tura ɗakin takardu saboda suna da kwalaye masu ajami. Abu ɗaya na sa a raina, a riƙe ni. In ba haka ba sai Bodija, da bayan da ba ya miƙewa.

Mai kula da ɗakin Bayarabiya ce, gajeriya, tabarau na rataye a wuyanta da igiya. A unguwar Mokola ta tashi, dab da Sabo, don haka tana jin Hausa tsinto-tsinto. Tana ce mini Baba, ina ce mata Madam. Dokokinta sun fi na masallacin Juma'a yawa. A wanke hannu. Ba biro, sai fensir. Kada a lashi yatsa a buɗe shafi.

"Baba, mene ne a bakinka?"

"Ba komai, Madam."

"Ba komai ɗin nan ja ne. Je ka tofar."

Haka na rabu da goro daga safe zuwa azahar.

Ɗakin sanyi gare shi, na'ura na ta gurnani a hankali ba ta hutawa. Ƙanshinsa irin na cikin akwatin kakata ne, tsohon zane da ƙura mai daɗi. Kantocin ƙarfe sun jeru layi-layi kamar lungunan unguwa, kowane kwali gida ne da aka ja ƙofarsa, masu gidan na ciki suna barcin rana. Nakan riƙe ɗan burushi ina sharar ƙura, sai in ga na tafi. In ga babana a tashar jirgin ƙasa da buta da tabarma, saurayi, ya sauka a garin da ba ya jin ko gaisuwarsa. Sai Madam ta yi gyaran murya in dawo.

Rannan ta ajiye mini wani kwali. Na wani falke ne na goro, mutumin Sabo, ya daɗe da rasuwa, jikokinsa suka kawo da za su rushe tsohon ɗakinsa. Ta ce in share ƙura, in cire fil ɗin da suka yi tsatsa, shi ke nan. Ta tafi mitin.

Na buɗe, na ga hargitsi. Babbar takarda kan ƙarama, wasiƙa kusa da addu'a, tikitin jirgi a tsakiyar wa'azi. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ya yi abin da ya sani. In an zazzage buhun albasa, ba a tambaya. Manya gefe guda, matsakaita gefe guda, ƙanana gefe guda. Ruɓaɓɓu kuwa nesa, don ɗaya in ta ruɓe sai ta kashe buhu. Duk wadda gara ta huda ko ruwa ya ɓata na ware ta. Da na ga wasu na ɗauke da sunan Allah, na naɗe su a hankicina, da niyyar in nemi izini in kai inda za a binne su da mutunci. Tebur ya yi fes, tuli uku kamar rumfar da ta san ciniki. Na zauna ina jiran yabo.

Ta dawo ta tsaya a kaina. Ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa.

"Baba, wa ya aike ka?"

"Gyarawa na yi, Madam. Da kin ga yadda suke."

"Yadda suke ɗin shi muke ajiyewa."

Ta jawo kujera ta zauna, ba ta ɗaga murya ba, wanda da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce mutumin nan ya sa wannan kusa da waccan da dalili. Mu ba mu san dalilin ba, amma wata rana wani zai zo ya gane, muddin ya tarar da su yadda mai su ya bari.

"Kai yanzu gidan mutum ka shiga, ka jera kowa bisa tsawo. Ɗan wa ne wannan, matar wa ce waccan, oho."

Na kwance hankicin na ajiye gabanta. Ta dubi ruɓaɓɓun, ta dube ni, ta ce wani abu da Yarabanci da na gode Allah ban gane ba.

"Korata za a yi?"

"Ban ce ba tukuna. Kwalin nan ya koma yadda yake kafin kwanakinku su ƙare, sannan mu yi magana."

"Ta yaya? Ni ban haddace ba."

Ta zaro biyu daga cikin hankicin, ta kai ni bakin taga, ta haɗa su ta ɗaga. Haske ya ratsa ta huda guda. Ta ce gara ba ta tsallake, inda ta fita a wannan, nan ta shiga a wadda ke ƙarƙashinta. Fil in ya yi tsatsa yana barin tambarinsa a jikin maƙwabciya. Ruwa in ya zuba daga sama, shatinsa na raguwa yana sauka. Ashe waɗanda na fitar a matsayin ruɓaɓɓu su ne masu nuna hanya.

Sauran kwanakina a bakin tagar nan na yi su. In ɗaga wannan, in ɗora waccan, in juya, in ajiye. Wata takardar hudojinta sun yi yawa, in ka ɗaga ta sai ka ce taurarin garinmu ne a daren da ba wata, lokacin da muke shimfiɗa a tsakar gida. Akwai shatin ruwa guda da na bi shafi bayan shafi, da faɗi kamar kogin Jebba ta tagar jirgi, yana ƙanƙancewa har ya zama ɗan ɗigo ya ɓace. Wani lokaci sai in ji kamar mai kwalin na tsaye a bayana da ƙanshin ganyen goro, yana kallon hannuna.

A gida ma abin bai sake ni ba. Mai ɗakina ta kawo mini alale, na ci, sai ga ni na ɗaga ganyen ina hango rana ta jikinsa.

"Malam, shi ma karanta shi za ka yi?"

"Ke dai bari."

"To in ka gama ka faɗa mana me ya ce."

Sannu a hankali gidan mai kwalin ya fara haɗuwa. Wasiƙar ƙaninsa da ke cewa goro ya lalace a hanya, gara ta nuna mini cewa addu'ar neman haƙuri ce ke manne a bayanta. Sai tikitin jirgi zuwa arewa. Na daɗe ina duban ukun nan. Ni da na raba su, babba can, ƙarama can.

Ranar da kwanakinmu suka cika, saura 'yan kaɗan a hannuna, masu lafiya, ba huda, ba tsatsa, ba shati. Lafiyarsu ta sa ba su da gida. Na juya su har idona ya yi ruwa, na haƙura na kai mata.

"Madam, waɗannan sun gagare ni."

Ta duba kwalin a hankali, shafi-shafi, tana ɗaga wasu a haske. Sannan ta miƙo mini fayil sabo da fensir, ta sa na rubuta da bokona mai karkata cewa waɗannan an motsa su wurin gyara, ba a san mazauninsu ba. Ta ce abin da ba mu sani ba ma ajiye shi muke yi. Ta sa fayil ɗin a ƙarshen kwalin, ta rufe.

"Gobe ka zo da wuri, Baba."

"Ai yau muka gama, Madam."

"Su suka gama."

Washegari na yi asuba, na shiga tasi daga Mokola, na tofar da goro tun a bakin ƙofa, na wanke hannu. Wani kwali na jirana a kan tebur, igiyarsa ta yi baƙi don tsufa. Na kwance ta, na ɗaga murfin. Hargitsi ne, babba kan ƙarama. Na mayar da hannuwana baya na harɗe su, na tsaya ina kallo.