Fuskar da Gwaggo Ta Zana a Bango

Makon jiya maƙwabciyata ta jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, za ta gyara daɓen ɗakin girkinta, warin ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar shinkafa. Wanda bai tashi da shi ba toshe hanci yake yi. Ni kuwa ajiye faranti na yi na zauna ina shaƙa, don warin hannun Gwaggo ne.

Gwaggo yayar Babanmu ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Bayan rasuwar mijinta ta dawo gidanmu a Birnin Tudu, aka ba ta ɗakin da ke kusa da rumbu. Sana'arta zanen ɗaki. In a zamanin fentin gwangwani ka tashi, bari in yi maka bayani. Mata kan shafe bangon ɗakinsu da farar ƙasa, sannan su kira mai zane ta ƙawata shi. Gwaggo tana da 'yan kaskonta guda huɗu: na jar ƙasa, na gawayi, na shuni, da na ƙaro wanda ke riƙe launi kada ya kakkaɓe. Da gashin kaza da ɗan tsumma da yatsanta take aiki. Takan zana dagi, da taurari, da reshen da ke zagaye ƙofa ya dawo inda ya faro ba tare da ka ga mahaɗarsa ba. Har Morai da Bakura ake aiko mata, akwai shekarar da aka ɗauke ta a motar kasuwa zuwa Janbako ta yi kwana tara.

Ba ta da sauƙin kai a kan aikinta. In ta shiga ɗakin da wata ta zana, sai ta ɗaga kai ta taɓe baki ta ce Allah ya ba da lada, kowa kuma ya san abin da take nufi. In tana zane ba ta amsa gaisuwa sai ta kai ƙarshen layi, ko da matar hakimi ce.

Abin da ya fi ba ni mamaki yanzu shi ne, duk wannan wahala ta shekara ɗaya ce. Kowane azumi, in Sallah ta matso, sai a sake shafe ɗakuna, zanen bara ya tafi ƙarƙashin farar ƙasa. Kwanan baya na ga wata tsohuwa 'yar ƙasar Singafo a talabijin, an rataye zanen da ta yi tun tana budurwa a wani katafaren gida, mutane na bin layi su kalla. Na yi mata murna, amma zuciyata ta sosu. Gwaggo ta yi shekara arba'in tana zane, ba wanda ya kai Sallah biyu.

Babanmu kuwa malami ne, a zaure yake ba da karatu daga hantsi zuwa azahar. Bai taɓa hana Gwaggo sana'arta ba, don ba ta zana abu mai rai, ko ƙadangare. Yana girmama ta ƙwarai, saboda mahaifiyarsu ta rasu yana ɗan yaye, Gwaggo tana da shekara goma sha biyu, a bayanta ya girma. Hoto bai zo ƙauyenmu ba a lokacin. Saboda haka Babanmu, mutumin da ya haddace littattafai, bai san fuskar uwarsa ba.

Ina da shekara tara, a wani azumi na tsakiyar bazara, na lura Gwaggo ta daina fitowa inuwar darbejiya da rana. Ni kuwa Allah ya yi ni da son ganin ƙwaƙwaf. Na ɗaga asabarin ɗakinta ba sallama. Ta sauke jeren kwanoninta gaba ɗaya, a bangon da suke rufewa kuma ga wata mata tana kallona. Tana da tsagar Zamfarawa a kumatu, ɗaurin kallabinta ya karkace gefe ɗaya, idonta kamar na wadda aka kira ta waiwayo. Na tsorata har na taka kaskon shuni. Gwaggo ba ta yi faɗa ba, ta ce, “Gaida kakarki.”

Bakina ba ya riƙe magana, har yau ma. Kafin la'asar na kai wa Babanmu labari a zaure, ina jin kaina kamar na yi abin kirki. Ya rufe littafinsa, ya shigo cikin gida, ya tsaya a ƙofar ɗakinta daga waje, ya juya wa asabarin baya.

“Yaya, mi nika ji?”

“Abin da kaj ji gaskiya na. Inna niz zana.”

“Kin san hukuncin wanga abu.”

“Na sani, Malam. Ba don in aje shi niy yi ba. Hannuna ya hwara rawa, kuma duk duniya ba sauran wanda yas san huskarta sai ni. Shigo ka gani sau guda, in shahe.”

 Ya ce, “Ba ni shiga,” ya koma zaure.

Kwana shida suka rage a yi shafen Sallah. A kwanakin nan gidanmu ya yi shiru. Kowace safiya yakan zo ya gaishe ta kamar kullum, doguwar gaisuwa, ya tambayi kwana da gajiya da ƙishirwar azumi, amma daga waje, idonsa a kan rumbu. Ita kuma takan ɗage asabarin ta bar shi a ɗage har ya tafi. Ba ta sake roƙonsa ba. Na ga ta rame a kwanakin, ni kuma na kasa cin abincin buɗa baki da daɗi, don na san bakina ne ya jawo. Innarmu ta ce in daina kuka, ko ban faɗa ba Gwaggo da kanta za ta faɗa. Ban yarda ba sai da na girma.

Ranar shafe, mata suka dama farar ƙasa a tsakar gida tun da hantsi. Gwaggo ta cika bokiti, ta ɗauki tsumma, ta nufi ɗakinta tana tafiya a hankali. Sai ga Babanmu ya fito daga zaure, ya naɗe hannun rigarsa. Shafen ɗaki aikin mata ne, ba wanda ya taɓa ganin malami da bokitin farar ƙasa. Ya karɓa daga hannunta ya ce shi zai shafe, tunda a gidansa aka yi. Ya shiga, ya saki asabarin.

Bangon nan, ko ni zan shafe shi kafin a dafa shayi. Babanmu bai fito ba sai da aka kira azahar. Rigarsa duk ta yi fari, bokitin ba komai, bango ya koma fes. Ya wuce ya yi alwala. Gwaggo ta bi shi da ido, amma ba ta tambaye shi ko ya duba ba, shi ma bai faɗa ba. Ba ta sake zana mutum ba, bayan damina uku hannun ya hana ta zana komai. Har ta rasu maganar ba ta sake tashi a gidanmu ba.

Shekara biyu bayan rasuwarta na haifi 'yata ta fari a Maradun, inda aka kai ni aure. Babanmu ya zo suna, tsufa ya kama shi. Na miƙa masa jaririyar ya yi mata addu'a. Ya tofa, ya shafa kanta, sai ya kai ta wajen haske ya tsura mata ido. Ya sa yatsa a ɗan ramin da ke haɓarta ya ce, “Wagga yarinya haɓar Inna ta ɗauko.”

Na ce, “Baba, ashe ka duba?”

Ya ce, “Ana shahe da ido ruhe?” Ya so ya yi dariya, hawaye suka riga ta.

Yanzu ɗakin Gwaggo siminti ne, an shafa masa fenti mai sheƙi, kuma a Birnin Tudu ban san wata mai zanen bango da ta rage ba. Wayar 'yata cike take da hotuna, har gogewa take yi don ta sami wurin sababbi, jikokina ba za su taɓa rasa fuskar kowa ba. Na gode wa Allah da wannan. Abin da ke damuna guda ɗaya ne, kuma ba waya da za ta gyara shi: bayan wancan shafen, Gwaggo ta ƙara shekara goma sha ɗaya a gida ɗaya da ƙanenta, tana amsa gaisuwarsa kowace safiya, ta tafi ba ta san ya ga uwarsa ba.