Ladi mai shara

Jama'a, yau na ga abin da ya kashe min jiki!

Binciken da nake yi kan haɗin kan ma'aikatan lafiya lokacin korona ya kai ni wani asibiti nan Minna. Na tara likita da nas da mai shara.

Likita ya ce, "Kamar 'yan uwa muka yi aiki. Tambayi Ladi, ga ta nan."

Mai sharar ta ce, "Ranka ya daɗe, ni Asabe ce. Ladi ta rasu tun lokacin. Ita aka tura wanke ɗakin masu cutar, ko takunkumi ba a ba ta ba."

Innalillahi! Nas ta sunkuyar da kai.

Likita ya ce, "To wa nake gaisarwa kullum?"

Ta ce, "Ni. Na gaji da gyara maka ne, shi ya sa nake amsawa."