Baba Tela, Mun Duba Ƙafarka Ba Mu Dube Ka Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran Baba Tela a ɗakin maza na asibitinmu, a kan gado na sha biyu. Ni ce ma'aikaciyar jinyar da ke bakin aiki a lokacin.

Baba Tela, ciwon suga ne ya kawo ka da gyambo a ƙafar dama. Makonninka na farko kai ne mai raya ɗakin. Duk wanda ya zo wucewa sai ka ƙare wa ɗinkin rigarsa kallo ka ce, "Wa ya yi maka wannan aika-aika?" Har babban likita bai tsira ba. Ranar da aljihun rigata ya yage ka zaro zare da allura daga ƙarƙashin matashi ka ce, "Kawo nan 'yata, kada ki ba ni kunya a gaban baƙi."

Sai aka yanke ƙafar. Da ka farfaɗo tambaya ɗaya ka yi: "Da me zan taka keken ɗinkin?" Muka ce ka gode wa Allah da Ya bar ka da rai. Ka ce alhamdu lillahi, daga nan ka yi shiru.

A wurinmu majinyacin da ya daina kira sauƙi ya samu. Gadajen kusa da teburinmu na masu jin jiki ne, don haka muka mayar da kai can ƙurya jikin taga. Ciwon yana kamewa, zafin jiki daidai. Takardar da ke rataye a gadonka tana da gurbin komai, ban da na mutumin da ya juya wa ɗaki baya yana kallon bango.

Ashe abincinka maƙwabcin gadonka kake miƙa wa, shi kuma ya ɗauka kyauta ce irin taka. Mu kuwa mu ga faranti wayam mu rubuta ka ci, mu yi maka allurar suga alhali cikinka babu komai. Matarka ta taɓa tare ni a baranda ta ce, "Sista, wannan fa ba mijina ba ne. Ko jikokinsa ya daina tambaya." Na ce mata zafin ciwo ne, zai wuce. Sai daga baya na sa aka rubuta wa likitan ƙwaƙwalwa, wanda sau ɗaya yake leƙo mu a wata. Ya zo ranar Alhamis, kwana biyu bayan rasuwarka, da takardar a hannu, yana tambayar mai gado na sha biyu.

Mu biyu ne a kan majinyata arba'in, amma wannan bai sanyaya mini zuciya ba. An riga an kwantar da wani a gadonka, direba ne da ya karye a ƙugu. Jiya farantinsa ya dawo wayam, shi ma bai cika magana ba. Na tsaya zan tambaye shi ke nan aka kira ni gado na uku.

Allah Ya jiƙanka Baba Tela, Ya sa wahalar da ka sha a ɓoye ta zama kankarar zunubi, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya ba 'ya'yanka da jikokinka haƙurin rashi. Ke kuma Mama, Allah Ya ba ki dangana. Kin faɗa mini gaskiya a baranda ban saurare ki ba, ki yafe mini.