Farantin Malam Ɗalhatu

Shekara goma sha tara ina zaune a bakin garejin Malam Ɗalhatu, a nan Arlit, kan hanyar da ke fita zuwa Akokan. Sunana Baƙo, mutumin Damagaram ne, sana'ata sayar da isansi a kwalabe ga ƴan kabu-kabu da duk wanda tankinsa ya bushe a hanya. Shi kuma Bakano ne daga Bichi, to kun san wasan da ke tsakaninmu. Ko sallama na yi masa da safe sai ya ce in matsa can, wai numfashina zai tayar masa da gobara. "Mai shan isansi" yake kirana, don da baki nake zuƙo mai daga jarka ta cikin tiyo. Ni kuma ina ce masa mai faranti.

Ya zo garin nan tun Arlit na ƙuruciya, a bayan wata babbar motar gero da ta mace musu a bakin gari. Kwana tara ya yi a ƙarƙashinta. Da ta tashi, direba ya juya Kano, shi kuwa garejin kamfanin haƙar ma'adini ya ɗauke shi gyaran bas-bas ɗin da ke kai ma'aikata. A can ne ya ga wani abokin aikinsa ya manta ɗan ƙaramin ƙarfe a cikin inji ya rufe. Aka tayar da motar, ta yi ƙara ɗaya, injin ya mutu murus. Malam Ɗalhatu ya koma gida ranar, ya ɗauko farin faranti daga cikin kayan matarsa Hadiza, har yau bai mayar mata ba.

Duk abin da ya kwance daga mota, a kan farantin nan yake ajiyewa. In wani abu ya karye, sai ya tattara gutsattsarin ya jera su, ya haɗa baki da baki kamar mai ɗinkin ƙwarya, har abin ya koma siffarsa. In bai cika ba, ba ya rufe inji, ko mai motar zai yi kuka. Na sha ganin direbobin hanyar Assamakka suna safa da marwa suna duba agogo, shi yana durƙushe yana neman kan ƙusa cikin rairayi. Wasu sun yi fushi sun canza makaniki. Mafi yawansu sun dawo.

Tun da aka rufe ma'adinin Akokan gari ya yi sanyi, ɗansa Sulaiman ya matsa masa da waya daga Kano, ya dawo gida ya huta. Hadiza ma bakinta ɗaya da ɗanta, ta gaji da ruwan garin nan da zafinsa. Amsa ɗaya yake ba su, kuma a gabana ya sha faɗa: "Ranar da faranti ya ƙi cika, ku turo mota ta kwashe mu. Kafin nan ku ƙyale ni." Mutum ne da in ya faɗi magana ba ya janyewa, wannan kowa ya sani.

Abin da ba kowa ya sani ba, idonsa ya fara tafiya. Ni na lura. Na ga yana laluben sifana da yatsa kafin ya ɗauka. Na ga ya gaida wani ɗan dako da sunan limaminmu. Ban gaya wa kowa ba, kuma duk wanda ya san bakina ya san wannan ba ƙaramin ƙoƙari ba ne. Tsoro nake ji. In ya tafi, wa zai zage ni da safe?

Ana haka Ismaghil ya kawo motarsa. Ismaghil mutumin Abzin ne, tsohon direban bas na ma'adini, dogo, mai rawani da ba ka ganin komai sai idanu. Yana da wata ƴar motar tsere ƙirar Jamus, ja, mai kujera biyu, injinta a baya, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Wani injiniya Bature ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, shekara kusan arba'in ke nan. A ganina babu motar da ta fi ta rashin amfani a Arlit. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta hawa rairayi, ko Gougaram inda danginsa ke kiwo ba ta taɓa zuwa ba. Amma kowace Juma'a bayan la'asar sai ya fito da ita ya bi ɗan kwaltan da ya rage, ya je ya dawo. Isansi a wurina yake saye, don haka ban taɓa faɗa masa ra'ayina ba.

"Maigida, mota ya yi tari," in ji Ismaghil da irin Hausarsa. "In na tsaya, shi ma yana so ya mutu."

Malam Ɗalhatu ya sa kunne, ya bi jikin injin da tafin hannu. Ya ce iska take sha ta inda bai kamata ba. Akwai ƴan bututu shida masu fesa isansi cikin inji, makanikai na ce musu anjekta, kowanne yana zaune a cikin ɗan kubensa na wata irin roba mai tauri. Zafin shekaru ya gasa kuben nan, sun tsattsage, iska na kurɗawa. Sai an ciro su an sa sababbi. Babu su a Agadez, babu a Yamai. Ɗan ƙanen Ismaghil da ke Turai ne ya samo, suka biyo hannu zuwa hannu ta Tamanrasset, wata biyar a hanya, suka iso a cikin gwangwanin ganyen shayi.

Ranar aikin da sanyin safiya ya fara. Ya share ƙasan rumfa, ya shimfiɗa buhu, ya ajiye faranti. Ya bayyana wa Ismaghil, ni kuma ina jiyowa daga teburina, cewa a ƙarƙashin kowane kube akwai rami, a ƙarshen ramin akwai bawul, ƴar ƙofa mai buɗewa ta rufe. Kafin ya taɓa kube sai ya juya injin da hannu har ƙofar ta rufe, don ko wani abu ya faɗa ya tsaya a kanta. In ƙofar a buɗe take, abin zai wuce cikin injin, kuma fitar da shi sai an sauke injin an farke. Kayan sake haɗa shi kuwa babu mai su a ƙasar nan.

Huɗu suka fito lafiya, kowanne ya ɗora a faranti. Na biyar, yana ja da ƴar ƙugiyarsa, na ji ƙas. Ya tattara gutsattsarin ya jera, guda bakwai. Ya daɗe sunkuye yana shafa su da yatsa. Sai ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ce, "Bai cika ba."

Na bar kwalabena na zo. Gaskiya ne, a bakin kuben akwai giɓi, bai fi ƙwayar dawa ba.

Ismaghil ya ce, "Ƙarami ne, maigida. Tayar da shi, zai ƙone."

"Ba ya ƙonewa. Zai maƙale a bakin bawul ko ya kankare cikin injin. Ba zan tayar ba."

Muka kakkaɓe buhu. Muka duba aljihunsa, da naɗin wandonsa, har rawanin Ismaghil sai da aka warware rabi. Da Hadiza ta kawo abincin rana ta same mu a durƙushe, ta tambaya aka gaya mata. Ta dubi farantin, ta dubi mijinta. Ta san alkawarin, kuma ita ce za ta ci riba in faranti ya ƙi cika. Sai ta juya gida ta dawo da rariyarta ta tankaɗen gari, ta ɗaure zani, ta tankaɗe rairayin rumfar nan kaf, sau biyu. Mun sami ƙusoshi uku da maɓallin riga da ƙwallon dabino. Gutsuren babu.

Muka yi azahar, muka dawo. Ba wanda ya taɓa abincin. Malam Ɗalhatu ya ɗauki tocila ya haska ramin, ya kafa ido ya daɗe. Sannan ya miƙe, ya miƙo mini tocilar, bai dube ni ba.

"Baƙo," ya ce. Rabon da ya kira ni da sunana har na manta. "Zo ka duba mini. Ni ba na gani. Tun bara ba na ganin irin wannan. Alamar da nake bi in san bawul ya rufe ma, da yatsa na lalube ta. Ban sani ba ko na juya daidai."

Hadiza ta sunkuyar da kai. Ni kuwa tausayi da haushi suka kama ni a haɗe, haushin cewa sai yau ya faɗa. Na karɓi tocilar na leƙa. Ramin ya lanƙwasa, ba a ganin ƙarshensa, sai baƙi kawai. Na gaya masa gaskiya.

Ya ce, "To shi ke nan. Ismaghil, ka yi haƙuri. Hadiza, ki kira Sulaiman ya turo mota."

Na ce ta dakata. Na koma teburina na yanko ɗan siririn tiyo, irin wanda nake ɗura wa ƴan kabu-kabu da shi, na busa shi na goge. Na ce, "Bakano, matsa. Shekara goma sha tara kana zagin bakin nan, yau ka ga aikinsa."

Na zura tiyon a hankali har na ji ya taɓa ƙarfe. Na zuƙa. Iska ba ta zo da sauƙi ba, ta yi nauyi, kamar in ka zuƙi jarka mai murfi a rufe. Na ce masa, "Ƙofarka a rufe take, ba ta ba ni iska." Na ga kafaɗunsa sun ɗan sauka. Na zuƙa sau uku, ba abin da ya zo sai ɗacin tsohon mai da ƙura. Na juya bakin tiyon gefe, na cika ƙirji, na sake ja da ƙarfi. Wani abu ya harbo ya bugi ganɗata ya nufi maƙoshi.

Na shaƙe, idona ya kawo ruwa. A lokacin tunani ɗaya ne a kaina: in na haɗiye abin nan ba wanda zai yarda da ni, shi kuwa ba zai karɓi shaidar baki ba, sai ya ga faranti ya cika. Na duƙa na yi tari, Ismaghil ya ɗaka mini duka a baya da hannun direban bas, na tofar a tafin hannuna. Ga shi nan, baƙi, ɗan mitsitsi, mai kusurwa uku.

Na wanke shi da ruwan buta na ba Malam Ɗalhatu. Ya lalubo giɓin da ɗan yatsa, ya juya gutsuren sau biyu, ya tura. Ya shafa bakin kuben ya zagayo, ya sake zagayowa.

"Ya zauna?" ya tambaye ni.

Na kawo fuskata kusa na duba ta kowane gefe, don na san ba ƙarya yake so ba. Na ce, "Ya zauna. Babu saura."

Ya ce alhamdu lillahi a hankali, ya koma kan tayarsa ya zauna kamar wanda ya sauke buhu. Hadiza ta kakkaɓe rariyarta ta ce abinci ya huce, kuma ba za ta ɗumama wa kowa ba.

Na shidan ya fito ba gardama. Ya dasa sababbin, ya shafa wa zobban robarsu ɗan mai, ya mayar da bututun ɗaya bayan ɗaya, ina riƙe da tocila ina gaya masa abin da na gani. Bayan la'asar Ismaghil ya murza makulli. Motar ta yi tari ɗaya, ta kama, ta zauna da murya ɗaya ba rawa. Ismaghil ya saurara, ya ce, "Yanzu ya warke." Ya ce Malam Ɗalhatu ya shiga su zaga. Sai da muka kama shi mu biyu kafin ya iya naɗe ƙafafunsa a cikin abar nan.

Sati biyu bayan haka Hadiza ta tasa shi gaba zuwa Agadez wurin likitan ido. An ce yanar ido ce, za a iya cirewa, an ba shi rana bayan salla. Sulaiman ya kira, na ji uban yana ce masa faranti ya cika, ya bar motarsa a Kano.

Har yanzu bai daina ce mini mai shan isansi ba. Amma ya sa an matso da teburina cikin inuwar rumfarsa, ba ya ƙara maganar gobara. Duk sanda ya gama jera abu a kan faranti, kafin ya rufe inji, sai in ji ya ɗaga murya ba tare da ya waiwayo ba: "Kai Badamagare, bar kwalaben nan, zo ka duba mini ko ya cika."