Sawun Raƙumi da Ƙafar Usman

A gidanmu na unguwar Nuzla, can ƙasar Makka, komai da lokacinsa. Da fari sallar magariba, sai tuwo, sai wanke hannu, sannan mu hau saman gida inda Kaka Hajjo ke hura gawayin shayi. Wanda bai wanke hannu ba, babu shi babu tatsuniya. Ni ce babba, ni nake jera ƙannena, Usman auta a gefen ƙafarta.

"Yalla, ku matso, tatsuniya ta iso," haka take buɗewa.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wani falke da ya biyo hanyar Makka. Ya yada zango a wani ƙauye, raƙuminsa ya sha ruwan rijiya, gari na wayewa ya kasa tashi. Falke ya kama mai rijiya, ya ce sai ya biya diyya. Mai gari bai ƙaryata kowa ba. Ya ce su uku su bi sawun raƙumin da baya. Suka yi ta tafiya cikin rairayi har ƙauyen ya ɓace musu, ga sawu uku sarai, na huɗun yana jan ƙasa. Ashe tun kafin ya ga ruwan yake ɗingishi.

Usman ya tambaya ko an yi wa falken bulala.

"Ya waladi, yarona, wanda raƙuminsa ya kwanta ai ya riga ya sha bulalarsa," in ji Kaka. "Mai gari rako shi ya yi suka dawo."

Shekaru suka shuɗe. Usman ya zama direban motar alhazai, kuma kafin aikin hajji akan yi musu allurar rigakafi. Wata shekara, jim kaɗan bayan allurar, ƙafarsa ta dama ta yi nauyi. Likitoci suka ce tasallub ne, ciwon da ke cin rigar jijiyoyi, ya lafa ya dawo. Wani abokinsa ya nuna masa a waya cewa a wasu ƙasashe waɗanda irin ciwon ya kama bayan allura suna kai ƙara a biya su diyya. Usman ya daina zuwa asibiti, ya ce ya gama da magungunansu, ya kuma nemi in shaida cewa lafiyarsa ƙalau kafin allurar.

Na zaunar da shi da matarsa Maryam, na ce mu bi abin da baya, ɗaya bayan ɗaya. Kafin allura akwai ƙaramar sallah, ranar da kofin shayi ya suɓuce masa sau biyu. Kafin sallah akwai azumi, da ya ce idonsa ɗaya na gani dishi-dishi, muka ce yunwa ce. Maryam ce ta tuna wannan. Usman ya tashi ya fita.

Ni ba likita ba ce, ban san abin da ya kawo ciwon ba. Ina yarinya na ɗauka labarin Kaka na kama maƙaryaci ne. Sai yanzu na gane falken bai yi ƙarya ba, inda zai sauke baƙin cikinsa yake nema, kuma irinsa ba a barinsa shi kaɗai.

Shi ya sa da ya daina gaishe ni ban daina zuwa gidansa a unguwar Waziriyya ba. Wata safiya na tarar da shi a bakin ƙofa, ya shirya tsaf, sanda a hannu.

"Ke dai, Yaya, da alƙali aka yi ki da kowa ya huta. Halas, shi ke nan, tsayar mana da tasi kada likita ya tashi."

Tun ranar bai sake tsallake magani ba, ƙafar kuma, alhamdulillahi, tana kai shi masallaci.